Zaɓen zobban igiya ga mai haɗa sandar fatsa da hannunsa

Sayen tsurar sanda shi ne mai sauƙi a wannan aiki. Ka duba tsawo, ka duba ƙarfi, ka biya. Inda ake tafka asara shi ne wajen zobban da igiya ke bi ta cikinsu. Sanda mai tsada da aka jera wa zobban da ba nata ba, jifanta ba ya nisa, igiya na dukan jikinta fat-fat, kanta na ta rawa bayan an jefa, kuma in a bakin teku ake aiki da ita ba a daɗewa tsatsa ke ɓullowa ta ƙarƙashin naɗi. Sandar gwanjo kuwa mai araha, in ta samu zobban da suka dace da ita, sai ka rantse wata ce daban.

Kada ka sayi zobe ko guda sai ka tsayar da abu uku: ril ɗin da za ka ɗaura (wato keken da ke naɗe igiya), igiyar da za ka naɗa masa, da ruwan da za ka je. Ril ne ke faɗa maka girman zobe na farko da tsayinsa. Igiya da ƙullin da ke jikinta su ke faɗa maka iyakar ƙanƙantar zobban gaba. Ruwa kuma shi ke zaɓa maka ƙarfe. A nan Akra wannan na ukun ba abin wasa ba ne, domin mai jifa a gaɓar Chorkor, Teshie ko Prampram cikin gishiri tsantsa yake aiki, na Ada Foah inda kogin Volta ke shiga teku yana cikin gauraye, wanda ke zuwa Kpong ko Akosombo neman tarwaɗa da karfasa kuma ruwan daɗi ne nasa. Sanda ɗaya za ta iya zuwa duka ukun, amma sai an zaɓa mata zobban da za su jure mafi muni a cikinsu.

Zobe kashi uku ne: firam na ƙarfe, ido na tangaran da aka danna a cikinsa, da ƙafa wadda ake naɗewa a jikin sanda. Ido shi ke shan gogayyar igiya. Mafi araha a cikin na kirki shi ne na alminiyom oksaid, wanda ya isa ga igiyar roba, wato mai sili ɗaya. Sama da shi akwai wanda kamfanin Fuji na Japan ke kira Alconite, sai SiC (wato silikon kabaid), sai Torzite wanda ya fi su siranta da tsada. SiC ya fi Alconite tauri da santsi, kuma yana saurin watsar da zafin da igiya ke haifarwa sa'ad da babban kifi ya ja ta da gudu. Amma taurin nan nasa yana zuwa da saurin tsagewa in ya bugi dutse ko siminti. Ga mai hawa duwatsun bakin teku ko mai jefa sandarsa a bayan tirotiro (motar haya), Alconite ya fi dacewa da aljihu, kuma yana ɗaukar igiyar saƙa, wadda aka kitsa da siraran zaruruwa, ba tare da ta yanke shi ba. Wanda za ka guje wa shi ne zoben ƙarfe tsura mara tangaran in har igiyar saƙa za ka yi aiki da ita. Tana kwaso yashi a jikinta, ta riƙa goga shi wuri ɗaya har ta haƙa wa ƙarfen kwari, daga nan kwarin ya koma cin igiyar.

Firam kuwa, ga teku, ƙarfe biyu ne kawai abin magana: titaniyom, wanda gishiri ba ya ci kuma ya fi sauƙin nauyi, da ƙarfe mara tsatsa mai lamba 316. Mai lamba 304 ya isa ga ruwan daɗi, a teku kuma sai da wanki a kai a kai. Akwai zobba masu ƙyalli da ake sayarwa jeri guda a leda, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi, rufin na ɓarewa sai tsatsa. Araha ba ta ado. Ka tafi sayayya da ɗan maganaɗisu a aljihu: in zobe ya manne masa da ƙarfi, ka ajiye shi. Na 304 da 316 ko dai ba sa kamawa ko su ɗan ja kaɗan, titaniyom kuwa ba ya kamawa sam. Tsatsa kuma ba muni kaɗai take jawowa ba. Tana kumbura tsakanin firam da ido har ta tura idon waje, galibi a daidai lokacin da kifi ke kan ƙugiya.

Lambar da ake rubuta wa zobe, 30 ko 16 ko 6, faɗin idon ne daga waje a milimita, kusan-kusan. Ramin da igiya ke bi ya fi haka ƙanƙanta, kuma ya danganta da kaurin tangaran ɗin. Zobe mai lamba 8 na araha mai kaurin ido, raminsa zai iya zama daidai da na mai lamba 7 na SiC. Saboda haka in kana shakka, ka ɗaura ƙullin da ka saba yi, ka zura shi ta cikin zoben a hannu kafin ka biya.

Yanzu ga inda aikin yake, wato sandar ril na ƙasa, irin wanda ke rataye ƙarƙashin sanda kuma ƙwarƙwaronsa, inda igiya ke naɗe, ba ya juyawa lokacin jifa. Igiya daga irin wannan ril a murɗe take fita, da'ira bayan da'ira, faɗinsu daidai da bakin ƙwarƙwaro. Aikin zobba uku na farko shi ne su tarbi wannan murɗa, su rage mata faɗi, su sauko da igiyar jikin sanda a miƙe. Mu kira su zobban tarba. Sauran da ke bin su har tsini, zobban rakiya, ba su da aikin da ya wuce riƙe igiya kusa da sanda da raba nauyin kifi a jikinta. Tsohon tsari shi ne a yi ta rage girma kaɗan-kaɗan tun daga gindi har kai, 30, 25, 20, 16, 12, 10, 8. Yana aiki, sai dai yana ɗora wa rabin sanda na sama ƙarfen da ba ta buƙata. Tsarin da ya fi shi ne a gama tarba da wuri, sannan a jera ƙanana masu girma ɗaya.

Ga yadda ake fitar da lissafin. Auna faɗin bakin ƙwarƙwaro. A ce ril mai lamba 2500 ne (lambar girmansa ke nan), ka samu milimita 46. Idon zobe na farko ya zama kusan rabin wannan, wato 23, saboda haka 25 in igiyar roba ce, 20 in siririyar igiyar saƙa ce. Sannan ka ninka faɗin ƙwarƙwaron sau 27: 46 sau 27 ya ba ka milimita 1,242, wato santimita 124. Ɗaura ril a mazauninsa, ka auna wannan tsawo daga bakin ƙwarƙwaro zuwa sama, ka yi alama da salatif na takarda. Nan ce mahaɗa, inda zoben rakiya na farko zai zauna. Ɗauko zare ka ɗaure a tsinin sandar ƙarfen da ƙwarƙwaro ke zama a kai, ka ja shi ya miƙe zuwa bakin waje na zoben da ke mahaɗa. Wannan zaren shi ne layinka. Kowane zoben tarba, ka zame shi sama ko ƙasa a jikin sanda har bakinsa na waje ya taɓa zaren. Inda ya taɓa, nan ne gurbinsa. Na farko yawanci yakan faɗo tsakanin santimita 45 da 60 daga bakin ƙwarƙwaro. In ya faɗo nesa da haka sosai, zoben ya yi gajarta ga wannan ril, ka nemi mai dogon firam.

A lura da wannan, domin nan mutane da yawa ke ruɗewa: tsayin zobe na farko ya fi faɗinsa muhimmanci. Igiya na dukan sanda, sai mutum ya ce zobe ya yi ƙanƙanta, ya sayo mai lamba 40 ya ɗaura wa 'yar ƙaramar sanda mai tsawon ƙafa bakwai, alhali abin da ake buƙata shi ne mai lamba 20 mai dogon wuya. Fuji na da jerin da ke da harafin H a bayan lamba, alamar dogon firam, kuma ga ril 2500 zuwa 3000 da igiyar saƙa, 20H, 10H da 5.5M (M alamar matsakaicin tsayi) ne jerin tarban da aka saba. Ga igiyar roba mai ɗan kauri, 25, 12 da 8 masu dogon firam sun yi, sai rakiya masu lamba 6. Akwai kuma firam mai karkata gaba, wanda Fuji ke wa laƙabi da K, an yi shi ne don in iska ta naɗe igiyar saƙa a wuyan zobe ta zame da kanta. Iskar bakin teku da yamma takan sa mutum ya gode wa wanda ya ƙirƙiro shi.

Zobban rakiya kuma, ka ɗauki mafi ƙanƙanta da ƙullinka zai wuce ba tare da ya yi tuntuɓe ba. Dalili nauyi ne. Ɗan ƙarfen da ba ka ji a tafin hannu, in ya hau tsinin sanda mai tsawon mita biyu sai ya zama kaya. Gwada ka gani: riƙe tsurar sanda ka kaɗa ta sau ɗaya, ka lura da yadda kanta ke tsayawa nan take. Manna mata zobba biyar masu lamba 10 masu ƙafa biyu da salatif, ka sake kaɗawa. Kan zai yi ta lilo kafin ya natsu. Wannan lilon ne ke cin nisan jifa, shi ne kuma ke dusar da ɗan taɓin da karfasa ke yi wa ƙugiya. Don haka a sandar ruwan daɗi, rakiya masu ƙafa ɗaya ne, lamba 5 ko 6. Ƙafa biyu tana ninka naɗi da gam, tana kuma sandarar da wurin da ta zauna.

Sandar jifa daga gaɓar teku dokarta daban. A ce mai ƙafa 12 ce, mita 3.6, da babban ril mai ƙwarƙwaro milimita 70 ko fiye, igiyar roba mai kaurin 0.35 zuwa 0.40, ana jefa dalma mai giram 120 zuwa 150. Irin wannan jifa ba ya yiwuwa sai an ƙulla igiyar gaba mai kauri, 0.70 zuwa 0.80, don kada dalma ta tsinke ta tafi kan mutane. Wannan ƙullin yana bi ta cikin kowane zobe da gudu a kowane jifa, in zai dawo kuma yakan taho da ciyawar teku da yagaggiyar leda, wadda duk mai zuwa gaɓar Akra bayan ruwan sama ya san yawanta. Ƙaramin zobe a nan masifa ne: ƙulli ya maƙale a tsini, kifi na cikin kumfa, ba ka iya naɗewa. Rakiya kada su gaza lamba 10, 12 ya fi kwanciyar hankali, kuma duka masu ƙafa biyu. Jeri irin 40, 25, 16, 12, 12, 12, 12 da zoben tsini mai ido 12 mafari ne mai kyau, na farkon yana kusan mita ɗaya daga ril. In igiyar saƙa ce, 30 ya isa a farko.

Ril na sama, mai ƙwarƙwaro mai juyawa, ba ya fitar da igiya a murɗe, don haka ba ya buƙatar dogayen zobba. Na farko 10 ko 12 a ƙaramar sanda, 16 ko 20 a ta teku, gajeru duka. Matsalarsa ɗaya: zobba na saman sanda, in ta lanƙwashe igiya na neman taɓa jikinta tsakanin zobe da zobe, shi ya sa yake cin zobba ɗaya ko biyu fiye da na ƙasa. Masu zuwa cikin teku da kwalekwale wasu kan karkato zobban a hankali, na farko a sama, na biyu da na uku a gefe, sauran a ƙasa, don kada sanda ta riƙa murɗewa a hannu in babban kifi ya nutsa. Ba ta da kyan gani, amma tana aiki.

Zobba nawa? Abin da aka saba farawa da shi, zobe ɗaya ga kowace ƙafa ta tsawon sanda, a ƙara ɗaya, ban da na tsini. Mai ƙafa bakwai, takwas ke nan. Doguwar sandar gaɓa ba ta bin wannan, bakwai ko takwas sun ishe ta. Na kusa da tsini ya zauna santimita 9 zuwa 11 daga zoben tsini, tazara kuma ta riƙa ƙaruwa kaɗan-kaɗan zuwa mahaɗa. Amma wannan duk zato ne a takarda, gani ya kori ji. Manna duka zobban da siraran salatif, ɗaura ril, zura igiya ta cikinsu, ka rataya mata 'yar dalma don ta miƙe. Sannan ka ɗaura wata igiya daban a zoben tsini, ka ɗaure ta a ƙafar tebur ko ƙarfen taga. Da wannan ta biyun za ka lanƙwasa sanda, ba da ta cikin zobba ba, in ba haka ba salatif zai tsinke zobba su watse. Ɗaga gindin a hankali har kashi ɗaya cikin uku na sama ya sunkuya sosai, ka sa wani ya riƙe, kai ka koma gefe ka duba. Igiya ta bi lanƙwasar sanda kamar inuwarta. Inda ka ga ta miƙe ta yi nesa da sanda kamar tsirkiyar baka, tazara ta yi yawa, ka matso da zobe ko ka ƙara ɗaya. Inda ta karye kwana mai kaifi a bakin zobe, nauyi ya taru a wuri ɗaya, kuma a irin wurin nan sanda ke karyewa.

Daga nan sai gwajin jifa, zobba na nan da salatif, ka dai ƙara musu ɗauri. Filin ƙwallo da sassafe ya yi, ko gaɓa ranar Talata da masuntan ƙabilar Ga ba sa shiga teku, ba mai jan koma a gabanka. Ka dubi sama kafin ka ɗaga sanda, domin sandar kabon na ɗaukar wutar lantarki. Jefa sau biyar ko shida kana saurare. Ƙarar fat-fat tsakanin ril da zobe na farko na nufin zoben ya yi nisa ko ya yi gajarta. In igiya na taruwa a bakinsa tana neman wuce shi ta gefe, ya yi kusa. Motsa shi santimita biyu kacal a kowane gwaji, kuma zobe ɗaya a lokaci guda, in ba haka ba ba za ka san wanne ya gyara ba.

Zoben tsini lamba biyu gare shi, ta ido da ta bututun da ke shiga kan sanda. Idon ya yi daidai da na rakiya. Bututun kuma sai ka auna kan sanda da ma'aunin kauri irin na makanikai. In ka samu milimita 2.2, ka nemi 2.2 ko 2.4. 'Yan Amurka da kashi 64 na inci suke lissafi, 5.5 nasu ya yi kusan 2.2, 6 kuma kusan 2.4. In ya ɗan yi yawa, naɗa zare a kan sanda ya cike. In ya yi kaɗan, ka canza shi. Kada ka kankare kan sanda don ya shiga, nan take za ka raunana ta. Gam ɗin kyandir da ake narkarwa da wuta shi ya fi, domin ranar da idon ya fashe laita kaɗai za ka ɗan haska ka zare.

Kafin naɗi, kowace ƙafa sai ta sha magagari. Goge bakin ƙafar ta sama har ya yi siriri kamar bakin farce, don zare ya hau ba tare da ya yi tsalle ba, sannan ka shafa ƙasanta da yatsa. In ka ji ƙaya, ka goge ta, domin ita ce ke cin jikin sanda a hankali har wata rana ta karye a daidai gindin zobe. Ɗora zoben a kan gilashi ka ga ko ƙafafunsa sun kwanta daidai; in bakin ƙafa ya ɗaga ko ya nutsa, lanƙwasa shi kaɗan da filaya. Zaren naɗi na lailon ne, mai lamba A ga ƙaramar sanda, D ga ta teku. Zaren auduga na teloli ba ya yi, na surfani mai ƙyalli kuma sau da yawa an shafa masa man silikon don ya bi keke, gam na hawa kansa sai ya tsattsage ya bar ramuka. Sirinjin asibiti ma yana da wannan man a ciki, kada ka auna gam da shi. Zobe mai ƙafa ɗaya, in ka kai wuyansa, ka zagaya zare ta bayan wuyan sau biyu ko uku kafin ka rufe, shi ke hana shi zarewa in ya maƙale a ciyawa.

Gam ɗin rufi efoksi ne mai ruwa biyu na musamman don naɗi, wanda ke ɗan lanƙwasa bayan ya bushe. Na minti biyar da ake sayarwa a shagon kayan gini yana yin rawaya ya tsage. Auna daidai wa daida, aƙalla mililita 3 kowanne, don in ya yi kaɗan kuskuren ɗigo ɗaya ya isa ya hana shi bushewa. Gauraya a hankali minti uku, ka zuba a kan takardar alminiyom, domin a zafin Akra in ka bar shi a kofi yana saurin daskarewa. Fara cika 'yan ramukan nan biyu da ke gefen kowace ƙafa, ta nan ruwan gishiri ke shiga ya kwanta. Sanda na buƙatar juyi har gam ya kama. In da injin juyi kake aiki, ka zauna kusa saboda dumso, wato ɗaukewar wuta. In da hannu ne, ka ɗora ta a kwali mai tsaga biyu, ka riƙa juya ta rabi duk minti goma na awa biyun farko, sannan ka rage. Lokacin hunturu ka yayyafa ruwa a ƙasan ɗaki ka rufe taga, ƙura na manne wa ɗanyen gam.

Wanda bai samu sababbi ba, karyayyar sandar gwanjo mai zobban kirki taska ce. Ɗan ɗumama gam ɗin, ka yanka naɗin da reza a bisa ƙafar ƙarfe, zoben zai fito lafiya. Sai dai kowane ɗaya ka gwada shi da auduga: tura 'yar auduga cikin idon ka juya. Tsagar da idon mutum ba ya gani za ta kama zaren audugar ta riƙe. Irin wannan zobe shi ne ke sa igiya ta riƙa yin gashi tana tsinkewa ba dalili, mutum ya yi ta zargin mai sayar da igiya. Wannan gwajin ka riƙa yi wa naka zobban ma duk lokacin da sanda ta faɗi a kan dutse, musamman na tsini da na farko. In an dawo daga teku kuma a wanke su da ruwan famfo da tsohon buroshin haƙori, a bi gindin kowace ƙafa, a bar sanda ta bushe a inuwa kafin a mayar da ita jaka.